Ɗaliban Dogondutsi da ƙungiyoyin jami'a: A ba su takarda, a bar wa kotu hukunci

Duk shekara, da zarar sakamakon jarrabawar bak ya fito, gidaje da yawa a ƙasar Arewa, wato gundumomin Dogondutsi da Tibiri na jihar Doso, kan shiga lissafi iri ɗaya: yaro dai ya ci, to wa zai tarbe shi a can? Daga Matankari, Ɗankasari, Dogonkirya da Sukukutan, har zuwa Geceme, Dumega da Kore Mairuwa, samari da 'yan mata kan ɗaure kaya su hau mota. Wasu su nufi Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai, mai nisan sama da kilomita 270 daga Dogondutsi. Wasu su tsaya Doso, inda aka kafa jami'a a 2014. Wasu su yi Tawa ko Maradi, wasu kuma su ƙetara iyaka zuwa Sakkwato ko Birnin Kebbi.

Amsar wannan tambaya kowa ya san ta. Yayyensa ɗalibai 'yan garinsu ne za su je tasha su ɗauko shi, su ba shi gefen katifa, su nuna masa layin da ake bi a yi rajista da ofishin da ake kai takardun neman tallafin karatu. Idan zazzaɓi ya kayar da shi su ne za su kai shi asibiti, idan aka yi masa rasuwa a gida su ne za su haɗa kuɗin mota. Baƙo ko yana da ido makaho ne, in ji Hausawa, kuma waɗannan ƙungiyoyi na 'yan gari ɗaya su ne sandar da sabon ɗalibi ke dogarawa a shekararsa ta farko.

Sai dai da ya kwana biyu a jami'a zai gane cewa rayuwarsa na hannun ƙungiyoyi iri biyu ne. Akwai ta 'yan garinsu, wadda ke yi masa komai amma doka ba ta san da zamanta ba. Akwai kuma babbar ƙungiyar ɗalibai, wadda hukuma ta sani kuma take zama da ita a teburi, amma wasu rassanta suka saba yin hukuncin da babu dokar da ta ba su ikon yin sa. A duka biyun, ranar da abu ya ɓaci, ƙaramin ɗalibi ne ke rasa inda zai kai kuka. Ni a ganina lokaci ya yi da za a ba ta farkon takardar zama halastacciya, a kuma raba ta biyun da bulala, a mayar wa kotu da majalisar ladabtarwa ta jami'a aikinsu.

Dokar 1984 da ta mayar da zumunci abin ɓoyo

A ranar 1 ga Maris 1984, zamanin mulkin soja na Janar Seyni Kountché, aka kafa doka mai lamba 84-06 da ke tsara yadda ake kafa ƙungiyoyi a Nijar. An yi mata gyara a 1991, kuma ita ce ginshiƙin da hukumomi suka ci gaba da dogaro da shi tsawon shekaru. Dokar ta ce kafin ƙungiya ta fara aiki sai ta kai takardunta ga hukuma, sannan ministan cikin gida ya ba ta izini, ta kuma tanadi ɗauri da tara ga masu tafiyar da ƙungiyar da ba ta bi wannan hanya ba.

Abin da ya shafe mu kai tsaye yana cikin sashe na 2. A can ne aka haramta duk wata ƙungiya mai launin yanki ko ƙabila, aka kuma fayyace cewa har da ƙungiyar 'yan Nijar 'yan asalin wata gunduma, ko wani gari, ko kanto, ko ƙauye, waɗanda ke zaune a wani sashe na ƙasar. Wato idan aka bi harafin dokar, ɗaliban Matankari da ke karatu a Yamai ba su da damar kafa ƙungiya da sunan garinsu, haka na Tibiri da ke Tawa, haka na kowane gari a faɗin ƙasar.

An san dalilin da ya sa aka rubuta haka. Gwamnatin wancan lokaci na tsoron ɓangaranci, tana kuma son matasa su taru a ƙarƙashin inuwar Samariya da ita kanta ke riƙe da linzaminta. To amma doka ba ta hana mutum neman ɗan garinsu a baƙon wuri. Abin da ya faru shi ne ƙungiyoyin sun ci gaba da rayuwa, hukuma ta kau da kai. Waɗanda suka matsa sai sun sami izini kan sake wa ƙungiyar riga, su kira ta ta raya al'adu ko ta ci gaban karkara. Sauran kuma suna nan da shugaba da magatakarda da ma'aji, suna taro, suna karɓar kuɗi, ba tare da ko takarda ɗaya mai hatimin hukuma ba.

Wani zai ce to mene ne laifin haka tunda ana zaune lafiya? Laifin yana fitowa ne ranar da aka sami matsala. Ƙungiyar da ba ta da izini ba ta da matsayin kanta a gaban shari'a. Ba za ta buɗe asusun banki da sunanta ba, ba za ta kama hayar gida da sunanta ba, ba za ta shigar da ƙara da sunanta ba. Komai sai ya bi ta sunan mutum ɗaya.

Mu ɗauki misali. A ce ɗalibai 200 na zuba jika guda kowane wata har tsawon wata 9 na karatu. Kuɗin sun kai sefa miliyan 1 da dubu 800, ban da abin da 'yan uwa ke turowa daga Legas, Kwatano, Abijan ko Faransa ta kamfanonin aika kuɗi. Duk wannan yana zaune a wayar ma'aji ko a akwatinsa. Idan mai amana ne, an ɗora wa yaro ɗan shekara 22 nauyin da ya fi ƙarfinsa, kuma ko ɓarawo ya fizge wayar shi za a zarga. Idan kuma zuciya ta rinjaye shi, da wace takarda za a je gaban alƙali a nuna nawa aka ba shi da abin da aka ce ya yi da su? Yawanci maganar kan ƙare a tsakanin iyaye a gida, da ɓacin rai da yanke gaisuwa.

Haka batun mota. Ɗalibai kan haɗa kuɗi su ɗauki shatar bas a koma gida tare lokacin hutu, ko a zagaya ƙauyuka ana koyar da ƙanne darussan hutu. Idan, Allah ya kiyaye, aka yi hatsari tsakanin Doso da Dogondutsi, wanda ya yi ciniki da direba da bakinsa shi za a nema, domin ƙungiyar da ya yi wa aiki babu ita a takarda. Kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ƙungiyar da ba ta da tsarin kuɗi a rubuce ita ce ta fi sauƙin faɗawa aljihun duk wani mai neman suna da zai ba da buhun shinkafa da kuɗin kujeru.

Idan ɗalibi ya zama ɗan sanda kuma alƙali

Ɓangare na biyu ya fi zafi, kuma sai an yi adalci wajen faɗarsa. Babu mai musun abin da ƙungiyar ɗaliban Nijar ta USN, wadda aka kafa a 1960, ta yi wa ƙasar nan. A ranar 9 ga Fabrairu 1990 jami'an tsaro suka buɗe wuta a kan ɗalibai masu zanga-zanga a gadar Kennedy da ke Yamai, ɗalibai 3 suka rasu, kuma wannan jini na cikin abubuwan da suka buɗe hanyar Babban Taron Ƙasa na 1991 da tsarin jam'iyyu da yawa. A ranar 10 ga Afrilu 2017 ma ɗalibi Mala Bagalé ya rasa ransa a yayin wata zanga-zangar neman inganta rayuwar ɗalibai. Duk wanda ya taɓa karɓar tallafin karatu bayan watanni ana jan ƙafa ya san cewa ba don matsin ƙungiyar ba da jiran ya fi haka.

To amma wannan tarihi ba lasisin duka ba ne. Reshen USN na jami'ar Yamai, UENUN, yana da kwamitin kula da walwala da tabbatar da oda da ake kira CASO, wanda ke tsara layin shiga bas da na ɗakin cin abinci, yake kuma tsare tarurruka da jerin gwano. Aiki ne da ake buƙata a wurin da dubban mutane ke rububin abin da bai isa ba. Matsalar ita ce an daɗe ana zargin wasu 'yan kwamitin da wuce gona da iri, suna kama ɗalibi, su tuhume shi, su kuma hukunta shi da kansu.

A watan Fabrairu 2018 lamarin ya fito fili, bayan wata hatsaniya tsakanin wani malamin jami'a da 'yan CASO. Ƙungiyar malaman jami'a ta SNECS ta ce cin zarafi aka yi wa ɗan uwansu, ɗalibai suka ce 'yar sa-in-sa ce aka kambama. Malamai suka shiga yajin aiki na kusan wata guda suna neman a kori masu hannu a ciki a kuma rusa kwamitin. A watan Maris jami'a ta kori shugabannin ɗalibai 5, a watan Afrilu aka yi arangama da jami'an tsaro, aka rufe wuraren kwanan ɗalibai na wani lokaci. A ƙarshe wa ya biya kuɗin wannan rikici? Ɗalibin da ubansa ya sayar da buhun gero ko wake a kasuwar ƙauye don ya tura shi karatu, wanda ya tsinci kansa a titi da jakarsa, shekarar karatu kuma ta ƙara ja.

Masu kare wannan tsari kan fake da 'yancin harabar jami'a, wato al'adar da ta hana jami'an tsaro shiga ba tare da hukumar jami'a ta kira su ba. Wannan 'yanci abin karewa ne, domin an yi shi ne don malami ya koyar, ɗalibi ya yi muhawara ba tare da tsoron kulki ba. Ba a yi shi don a fitar da harabar jami'a daga ƙarƙashin dokar ƙasa ba. A 2017 kotu a Yamai ta yanke wa 'yan sanda 3 ɗaurin shekara guda saboda dukan wani ɗalibi da aka ɗauka a bidiyo. Idan kaki bai kare ɗan sanda daga shari'a ba, katin ƙungiya ba zai kare ɗalibin da ya daki ɗan uwansa ba.

Ya kamata kowane ɗalibi ya san wannan tun kafin ya karɓi wani muƙami. Kundin hukunta laifuka na Nijar, wanda asalinsa dokar 15 ga Yuli 1961 ce aka kuma yi masa babban gyara a 2003, bai san wani abu wai shi "umarnin ƙungiya" ba. Duka da raunatawa laifi ne. Kulle mutum a ɗaki ba da izinin hukuma ba laifi ne. Cin kuɗin amana laifi ne. Wanda ya ba da umarni da wanda ya riƙe ƙofa ana ɗaukar su abokan aikata laifi, wanda kuma ya ga mutum cikin haɗari ya ƙi taimaka masa alhali yana iyawa shi ma yana da tasa tuhumar. Ranar shari'a sunanka da na mahaifinka za a kira, kuma hukuncin zai hau takardar kaziye da ake nema a duk jarrabawar shiga aikin gwamnati. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

A ƙara da waya. Dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka sake tsaurarawa a watan Yuni 2024 ta hanyar dawo da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi ta kafofin zamani, ta shafi abin da ake yaɗawa a zaurukan WhatsApp na ƙungiyoyi. Hoton sabon ɗalibi da aka wulaƙanta don a yi dariya, ko sanarwar da ke kiran wani ɓarawo ko ɗan leƙen asiri ba tare da hujja ba, na iya kai mai turawa gidan kaso.

Gemun maƙwabta

Kada wani ya ce ana zuzuta abu. Alhamdulillahi, jami'o'in Nijar ba su san irin ƙungiyoyin asirin da suka addabi wasu jami'o'in Najeriya ba. Amma yana da kyau a tuna yadda can ma abin ya faro. A 1952 ɗalibai 7 a kwalejin jami'a ta Ibadan, cikinsu har da Wole Soyinka, suka kafa ƙungiyar Pyrates da niyyar yaƙar girman kai da ƙabilanci a tsakanin ɗalibai. Babu wanda ya yi mafarkin jini a lokacin. Daga baya aka yi ta ɓallewa ana kafa wasu, irin su Buccaneers da Eiye da Black Axe, aka shigo da rantsuwar ɓoye da horon shiga mai tsanani da gabar ƙungiya da ƙungiya. A daren 10 ga Yuli 1999 'yan ƙungiyar asiri suka afka wa ɗakunan kwanan Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife suka kashe ɗalibai 5, ciki har da magatakardan ƙungiyar ɗalibai, George Iwilade.

Najeriya ba ta rasa dokoki ba. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya cire ƙungiyar asiri daga cikin 'yancin da ɗan ƙasa ke da shi, jihar Legas kuma ta kafa doka a 2021 mai ɗaurin shekara 21 ga ɗan ƙungiyar asiri. Duk da haka abin bai mutu ba, ya ma fita daga jami'a ya shiga unguwanni, har ya ƙetara teku, inda kotunan Italiya suka gurfanar da 'yan Black Axe a ƙarƙashin dokar da ake tuhumar 'yan mafiya da ita. Darasin a nan shi ne, haramci kaɗai ba ya kashe ƙungiyar da ke biya wa matashi wata buƙata, sai dai ya tura ta cikin duhu. Iyayen da 'ya'yansu ke karatu a ƙetaren iyaka su riƙa tambaya: wace ƙungiya ka shiga, kuma hukumar makaranta ta san da ita?

Kodebuwa ta nuna ɗaya fuskar. Ƙungiyar FESCI, wadda aka kafa a 1990 don kare haƙƙin ɗalibai, ta yi ƙarfi har ta zama ita ke raba ɗakunan kwana tana karɓar kuɗi. A watan Oktoba 2024, bayan kisan ɗalibai 2 da aka zargi wasu 'ya'yanta da hannu a ciki, gwamnati ta rusa ta tare da sauran ƙungiyoyin ɗalibai masu fafutuka baki ɗaya. Laifin wasu ya sa dukan ɗaliban ƙasar suka wayi gari ba su da bakin magana. Duk mai ƙaunar USN ya dubi wannan da kyau. Ƙungiyar da ta ƙi tsabtace gidanta tana miƙa wa hukuma hujjar rufe shi ne da hannunta.

'Yan uwa mazauna Turai da Amurka, ku ma abin bai bar ku ba, domin 'ya'yanku na shiga jami'o'in da ke da tsofaffin ƙungiyoyin 'yan uwantaka na maza da na mata, masu al'adar gasa wa sabon shiga aya a hannu kafin a karɓe shi. A Beljiyam, a watan Disamba 2018, Sanda Dia, ɗalibi ɗan shekara 20 ɗan asalin Afirka ta Yamma ta wajen uba, ya mutu bayan horon shiga ƙungiyar Reuzegom, inda aka ɗura masa giya da ruwan kifi mai gishiri aka kuma ajiye shi cikin rami mai ruwan sanyi. A watan Mayu 2023 kotu ta sami mutum 18 da laifi, ta yanke musu aikin al'umma na awa 200 zuwa 300 da tarar yuro 400 kowanne, hukuncin da ya tayar da ƙura a ƙasar saboda sauƙinsa. A Amurka, Timothy Piazza ɗan shekara 19 ya mutu a Fabrairu 2017 a Jami'ar Penn State bayan an sa shi shan giya fiye da kima ya faɗo daga kan matakala, 'yan ƙungiyar kuma suka shafe kusan awa 12 ba su kira motar asibiti ba. Jihar Pennsylvania ta tsaurara dokarta a 2018, a Disamba 2024 kuma aka sa hannu kan dokar tarayya da ta tilasta wa jami'o'i bayyana irin waɗannan laifuka.

Faransa, wadda tsarin shari'armu ya yi kama da nata, ta mayar da wulaƙanta sabon ɗalibi laifi mai zaman kansa tun 17 ga Yuni 1998, da ɗaurin wata 6 da tarar yuro 7,500. Abin lura a wannan doka shi ne ta ce ko da yardar wanda aka yi wa ko ba da yardarsa ba, laifi ne. Hikimar a bayyane take: yaron da bai san kowa a gari ba, wanda kwanansa da cinsa ke hannun manyansa, "na yarda" ɗinsa ba yarda ba ce.

'Yan mata fa?

Sau da yawa idan ana wannan magana sai a manta da ɗalibai mata, alhali su ne suka fi shiga tsaka mai wuya. Yarinyar da ta fito daga Dumega ko Ɗankasari, wadda da ƙyar aka shawo kan dangi suka bar ta ta wuce lise, ba ta da ikon yin kuskure ko ɗaya. Su ma suna da nasu zumuncin, da adashi da ankon biki da asusun taimakon juna, kuma kusan duka da baki ake yin su. Idan uwar adashi ta ɓace da zubi, shiru ake yi don gudun tonon asiri.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne duk inda gado, ko kujerar bas, ko saka suna a jerin masu samun taimako ya koma hannun wani ɗalibi namiji da babu mai bincikarsa, an buɗe ƙofar neman lalata. Gyaran 2003 ya sanya matsa wa mutum da neman lalata ta hanyar amfani da iko cikin laifukan da ake hukuntawa. Amma yarinya ba za ta kai ƙarar "yayanta" na ƙungiya ba matuƙar ta san labarin zai riga ta isa gida, a ce dama an faɗa boko ke lalata 'ya mace. Kowace jami'a na buƙatar ofishin karɓar koke da mace ke riƙe da shi, wanda ke ɓoye sunan mai ƙara, kowace ƙungiya kuma ta sa mata a cikin masu riƙe kuɗi da masu raba masauki.

Abin da masu ja za su ce

Akwai hujjoji biyu da ake kawowa, kuma dukansu suna da nauyi. Ta farko ita ce halasta ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya zai farfaɗo da ɓangarancin da aka yi gudu a 1984. Amsa ita ce shekara 40 na haramci ba su hana su wanzuwa ba. Ɓangaranci ya fi samun abinci a inda babu mai ganin littafin kuɗi kuma babu ƙa'idar da aka sa wa hannu. Ana iya halasta su da sharaɗi: aikinsu ya tsaya kan taimakon juna da karatu, ba siyasa, ba wariyar ƙabila. Ƙasar Arewa kanta ta Arawa ce da Gubawa da Fulani da Buzaye da Zabarmawa, kuma duk wanda ya tashi a Dogondutsi ɗan Dogondutsi ne.

Ta biyu ita ce a wannan zamani na mulkin soja, da aka rusa jam'iyyun siyasa a watan Maris 2025, yin rajista tamkar miƙa wa hukuma sunayen mutane ne da wuƙar da za ta yanka su da ita. Wannan tsoro ba na banza ba ne. Shi ya sa bai kamata rajistar ƙaramar ƙungiyar taimakon juna ta jira sa hannun minista ba. Ya isa a kai sanarwa ofishin kula da walwalar ɗalibai na jami'a da ma'aikatar magajin gari, a ba da sunayen shugabanni kawai, rusa ƙungiya kuma ya zama sai ta hannun alƙali. Kuma a tuna, zama babu takarda ba kariya ba ce. Wanda ke tafiyar da ƙungiyar da doka ta haramta, a kowace safiya ana iya tashinsa da ita idan an ga dama.

Abin yi

Ga hukuma: a sake duba sashe na 2 na dokar 1984, a bambanta ƙungiyar da ke hura wutar ƙabilanci da ta ɗaliban da ke saya wa junansu magani. A kuma yi tanadi bayyananne da ya haramta wulaƙanta sabon ɗalibi ko da ya ce ya yarda. Sannan a gane cewa ƙarancin gado da bas da jinkirin tallafi su ne ke ba wa masu ƙarfin damtse iko. Duk gadon da aka ƙara a Yamai ko Doso ya rage wa wani damar yin mulki a kan ɗan uwansa.

Ga jami'o'i: raba ɗakuna da tsaron haraba aikinku ne, kada ku sallama shi ga ɗalibai don neman zaman lafiya na ɗan lokaci. Wakilan ɗalibai su zauna a kwamiti su sa ido, amma jerin sunaye ya fito a allo kowa ya gani.

Ga shugabannin USN: ku rubuta da hannunku cewa babu ɗan kwamitin oda da ke da ikon duka ko tsare mutum, wanda ya yi kuma ku fara miƙa shi kafin a zo nema. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ga ƙungiyoyin 'yan Dogondutsi da Tibiri: ba sai kun jira an canza doka ba. Ku rubuta ƙa'idojinku ko da shafi 2 ne. Kuɗi kada ya fita sai da sa hannun mutum biyu, a karanta lissafi a gaban kowa duk wata uku, a riƙa ba da rasit. Ku rubuta cewa babu horon shiga, babu tarar da ta wuce abin da aka amince, kuma kowa na da damar fita ba tare da an yanke masa gaisuwa ba. A cikinku akwai masu karatun shari'a, ku sa su aiki.

Ga iyaye da sarakuna da 'yan uwa na ƙetare: ku ne masu zuba kuɗi, don haka kuna da bakin tambaya. Kafin ka tura jika 50 daga Abijan ko Liyon, ka ce a turo maka ƙa'idoji da lissafin bara. Idan ɗalibai sun dawo hutu suka zo gaisuwa fada, a tambaye su yadda suke riƙe ƙannensu, musamman mata.

An san ƙasar Arewa da son karatu, kuma da yawa daga malamai da likitoci da alƙalan da ta haifa a kan katifar wani ɗan garinsu suka kwana a darensu na farko a birni. Wannan gado ne da bai kamata a bar shi a hannun sa'a ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya tsare mana 'ya'yanmu a duk inda suke neman ilimi, ya dawo mana da su lafiya da abin da suka je nema.